Wa ya faɗa wa masara ta girma?

Ranar asabar na raka Baba gona can wajen Shika, masara ta kai gwiwa, ina tsugunne ina cire ciyawa sai na shafa ganyen ƙasa na wata na ce Baba zo ka taɓa ka ji. Ganyen farko ɗin nan guda huɗu ko biyar santsi ne da su babu gashi, kuma akwai wani abu kamar hoda a jikinsu, in raɓa ta sauka dunƙulewa take ta gangare. Na sama kuwa sheƙi suke, ga gashin nan mai sa ƙaiƙayi in ka ratsa gona ba riga mai dogon hannu. Baba ya ce to sai me, yarinta ce da girma, ai kowa ya san wannan. Na ce eh Baba amma ita masarar wa ya faɗa mata ta girma tunda ba kalanda gare ta ba? Ya yi min wani kallo irin na wato kuɗin makarantar da na biya a Samaru ke nan.

To wallahi akwai amsa, kuma ni tun da na karanta ta na daina yi wa tsiro kallon banza.

Ƙwayoyin gado suna rubuce a DNA, shi kuma DNA kamar kundi ne da aka kulle a ɗaki ba a fita da shi, in tsiro na son ƙera wani furotin sai a kwafi shafin a RNA a aika da shi wajen ƙira. To akwai wasu ƴan mitsi-mitsin RNA, tsawonsu haruffa 21 ko kusa da haka, ana ce musu maikro RNA, su ba sa ƙera komai, aikinsu tare ɗan aike a hanya. Wani furotin mai suna DCL1 ke yanko su, wani kuma AGO1 ya ɗauke su ya shiga nema, duk saƙon da haruffansa suka dace da nasu sai a datse shi ko a hana karanta shi. Kundin na nan lafiya lau, saƙo ne dai bai isa ba. A jikin wata ƴar tsutsa aka fara ganinsu a 1993, aikin Victor Ambros da Gary Ruvkun a Amurka, a tsirrai kuma sai 2002, mutanen biyu ba su karɓi kyautar Nobel a kai ba sai 2024, ka ji haƙuri.

Wanda ya shafi maganarmu da Baba sunansa miR156. Tsiro na fitowa daga ƙasa jikinsa cike yake da shi, yana danne wasu ƙwayoyin gado da ake kira SPL, waɗanda su ne masu kawo halin manya. Kullum miR156 raguwa yake a hankali a hankali, yana raguwa SPL na ɗago kai, su kuma su tayar da wani ƙaramin, miR172, shi ne a masara yake rufe bakin wata ƙwayar gado mai suna glossy15, mai riƙe ganye a kan hodar nan da rashin gashi. Daga nan sai ganye mai sheƙi, can gaba a fid da kai a yi goyo. Akwai ma wata masara mai suna Corngrass1 da miR156 ya yi mata yawa ya ƙi sauka, in ka ga hotonta za ka rantse ciyawa ce, ta yi ƴaƴa rututu daga gindi, siraran ganye, ta ƙi girma kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne me ke sauke shi. A 2013 aka nuna a wani ɗan tsiron gwaji mai suna Arabidopsis cewa sikarin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana cikin abin da ke rage miR156, in aka tsinke ganye girman sai ya yi jinkiri. Wato ba kwana kaɗai take ƙirgawa ba, har da abin da ta tara a rumbu. Nan fa Baba ya ɗan gyara tsayuwa, ya ce shi ya sa mangwaro mai aure ke riga na ƙwallo yin ƴaƴa ke nan, tunda reshen daga babbar bishiya aka yanko shi ya riga ya wuce yarinta. Ni ma haka na fahimta, don a bishiyoyi irin su turare an ga miR156 na da yawa a ƙaramin dashe, ya yi ƙasa a manyan rassa.

Na so in ƙara masa da labarin shinkafar da masana a Sin suka bayyana a 2010, wadda canjin harafi ɗaya tak ya hana miR156 kama saƙon SPL14, ta rage ƴaƴan gindi ta yi kara mai ƙarfi da manyan zangarniya, amma hadari ya haɗo daga gabas. Ya miƙo min fartanya ya ce kunya uku suka rage a gefena, in ƙarasa masa sauran a kan babur.