Ramin tsutsa: lissafi ya yarda, amma me zai hana maƙogwaronsa ruftawa?

Tsutsar da ke jikin mangwaro tana iya zagaya bayan ɓawo kafin ta kai ɗaya gefen, ko kuma ta huda ta tsakiya ta rage tafiya. Daga irin wannan hoton masanin kimiyya John Wheeler ya raɗa sunan "ramin tsutsa" a 1957: hanyar yanke tsakanin wurare biyu masu nisa a sararin samaniya, mai baki biyu da maƙogwaro a tsakani. Har yau babu na'urar hangen nesan da ta ga ko ɗaya. Daga lissafin Einstein kan ƙarfin janyowa ya ɓullo, kuma Einstein da Nathan Rosen suka bayyana shi a 1935.

Nasu ramin ba ya biyuwa. A 1962 Wheeler da Robert Fuller suka nuna cewa maƙogwaron yana buɗewa ya tsuke da saurin da ko haske ba zai kai ga ƙetarewa ba. Tamkar rijiya ce a cikin rairayi, ana haƙa tana ruftawa.

A nan ne duk maganar take. A 1988 Michael Morris da Kip Thorne suka juya tambayar: idan ana son ramin da mutum zai bi ya fita da rai, da me za a ɗaure shi? Hasken da ya shiga baki ɗaya yana tattaruwa zuwa maƙogwaro, sannan dole ya warwatse yayin fita ta ɗayan. Duk wani abu da muka saba da shi, dutse ko iska ko tauraro, janyowa yake yi, yana tattara haske. Warwatsawa sai abin da ke turewa, wato makamashin da ya yi ƙasa da sifili.

Irinsa akwai, kuma wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a yi watsi da batun ba. Hendrik Casimir ya yi hasashe a 1948 cewa faranti biyu na ƙarfe, idan aka kusantar da su ƙwarai a wurin da babu iska, makamashin da ke tsakaninsu zai gaza na waje, wato ya yi ƙasa da sifili, har su matso juna. Steve Lamoreaux ya auna wannan matsi a 1997. Sai dai yawansa ne matsalar. Maƙogwaro mai faɗin kimanin mita ɗaya, wanda da ƙyar mutum zai kutsa, yana buƙatar irin wannan makamashi daidai da kusan nauyin duniyar Jufita, wadda ta ninka tamu sau 318. Abin da faranti ke bayarwa ko kusa bai kai ba, ga shi nauyin farantan da kansu ya rinjaye shi nesa ba kusa ba. Larry Ford da Thomas Roman kuma suka nuna cewa gwargwadon yawansa, gwargwadon gajartar lokacin da zai iya daɗewa.

Akwai wata sarƙaƙiyar. Idan aka yi gudu da baki ɗaya kusa da saurin haske aka dawo da shi, agogonsa zai yi baya da na ɗayan, ramin ya zama hanyar komawa jiya. Stephen Hawking ya yi zato a 1992 cewa dokokin halitta za su rusa shi kafin hakan ta faru.

A 2018 Juan Maldacena da abokan aikinsa suka fitar da ramin da zai tsaya a buɗe ba tare da karya wata sananniyar doka ba. Ƙanƙantarsa ta wuce mutum ya shiga, kuma bi ta cikinsa ya fi zagayawa ta waje ɗaukar lokaci.