Da Keke a Gonakin Inabin Ɗa'ifa

A ƙasar nan mai keke sai ya yi farautar hanyar da babu mota kafin ya same ta. Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san zancen. Don mota aka shimfiɗa titunan, kuma direba in ya hango keke a gefen kwalta, kallon ɗan aiken kanti yake yi masa, wanda ya kamata ya kauce tun kafin a yi masa oda. A bakin tekun Jidda an ware wa kekuna layinsu, madalla da hakan, amma wuri ne na shan iska, kana tuƙi kana kauce wa yara da masu ɗaukar hoto. Ni so nake in yi tafiya mai nisa ba tare da ina waiwaye ba, kuma a Ɗa'ifa na samu abin da ya fi kusa da haka.

Haifaffen Makka ne ni, a Shara Mansur na tashi. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratso ta Sudan. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma da girmana na koma wa keke, bayan likita ya yi mini maganar suga. Abokin tafiyata ɗan wan babana ne, Yaya nake ce masa. Ya girme ni, ya kuma fi ni ƙarfin gwiwa a hawan dutse, abin da ba ya bari in manta.

Daren Alhamis muke ɗora kekuna a bayan Hilux ɗinsa mu hau ta hanyar Hada. Makka a kwari take, tsayinta daga matakin teku bai wuce mita 300 ba, Ɗa'ifa kuwa tana kusan mita 1,800, shi ya sa a tsakiyar zafi, lokacin da Makka ke haura digiri 40, can sai ka nemi riga mai dogon hannu da asuba. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ka hau wannan hanya a kan keke. Kwana ce bisa kwana a jikin dutsen Kara, motoci a guje, kuma in hazo ya sauko ko an yi ruwa mai ƙarfi, rufe ta ake yi gaba ɗaya. A mota ake hawa, keke sai an isa sama.

Sirrin duka yana ga lokaci. Safiyar Juma'a, daga sallame Asuba zuwa wajen ƙarfe tara, garin barci yake yi. Masu zuwa hutu sun kwana suna gasa nama da shan shayi a bakin duwatsu, ba za su motsa ba sai an kusa kiran salla. A waɗannan awoyi ƙananan hanyoyin ƙauyuka na mai keke ne, sai fa motar manomi jefi-jefi, ita ma a hankali take tafe, da tankin ruwa a baya. In ka bari rana ta yi, musamman da La'asar a lokacin hutun makarantu, to ka ajiye keken kawai.

Mun fi zuwa Shafa, kimanin kilomita 25 kudu maso yammacin garin, inda ƙasa ke haura mita 2,000. A nan dajin yake. Kada mutumin Kano ya ji an ce daji ya ɗauka Falgore ake nufi. Itatuwan ar'ar ne a warwatse a jikin duwatsu, gajeru, murɗaɗɗu, masu ganye siri-siri da ba ya zuba, kuma da hazon da ke tasowa daga ɓangaren Tihama, ƙasar da ke bakin Bahar Maliya, suke samun rabin abin shansu. Suna da wani ƙamshi mai kaifi da ba ka jinsa daga cikin mota, sai kana haki a kan sirdi ya cika maka ƙirji. Hakin kuwa ba wasa ba ne. Iskar sama ba ta ƙosar da huhun ɗan kwari, hawan da za ka raina da ido sai ya sa ka sauka ka tura. Yaya yakan tsaya a can gaba ya jira ni, in na iso ya ce, "Ƙanena, sannu ba ta hana zuwa, amma kai taka sannun ta yi yawa."

Akwai itatuwan da suka bushe a tsaye, fari fat, a wasu wuraren da dama. Akwai kuma gwaggon biri garke-garke, waɗanda mutane suka ɓata da jefa musu abinci daga tagar mota. Kada ka rataya leda a kan keke, sun san ƙarar leda.

Gonakin suna ƙasa da dajin, a cikin kwaruruka, hawa-hawa, kowace an tare ƙasarta da katangar dutse da aka jera ba siminti. Hanyoyin da ke ratsa tsakaninsu su ne abin da ke kawo ni. Wasu tsakuwa ce, wasu tsohuwar kwalta ce da ta farfashe, faɗinsu na mota ɗaya, kuma yawancinsu a ƙofar wata gona suke ƙarewa, don haka mai gaggawa ba ya bin su. Inabin a kan rumfa ake ɗora shi, da a kan itace, yanzu galibi bututun ƙarfe da waya. Daga Yuli zuwa Satumba za ka ga nonnansa suna reto a ƙarƙashin ganye, fari da baƙi, ga rumman a gefe yana ja, ga ɓaure, ga barshumi, wani ɗan itace mai ƙaya da ake sayarwa a bakin hanya a fere maka nan take. In kuwa a Maris ko Afrilu ka zo, inabi bai nuna ba, amma kakar furen wardi ce. Tun kafin rana ta fito ake tsinkarsa don kada ƙamshin ya gudu, a kai shi gidajen da ake dafa shi a tukwanen tagulla a tatsi mai da ruwan wardi. Da irin wannan ruwan, a gauraye da Zamzam, ake wanke cikin Ka'aba. A wannan kaka ne kawai za ka tarar mutane sun riga ka fitowa.

Ba zan iya wuce rumfar inabi a garin nan ban tuna abin da muka karanta tun muna yara ba. A shekara ta goma bayan aike, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah (SAW) ya zo Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa yana kiran Saƙifawa, mutanen garin, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. A gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a ya fake, suka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da nonon inabi. Da ya ji Bismillah ya yi mamaki, ya ce mutanen ƙasar nan ba sa faɗin haka, har zance ya kai ga Annabi Yunusa ɗan Matta. Masallacin da ake kira da sunan Addas yana nan a Masna, gefen Wadi Wajj, sai dai gari ya riga ya cinye wurin, ba wajen keke ba ne yanzu. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da aka yi wa garin ƙawanya, an fara sare inabin Saƙifawa, suka roƙa don Allah da zumunci a bari, aka bari. Masu tarihi sun kawo cewa Abbas yana da gonar inabi a nan, yana jiƙa zabibinta a ruwan Zamzam ya shayar da alhazai, Amru ɗan Asi ma yana da babbar gona a Wahɗ. Gabas da gari kuma har yau madatsar ruwa ta Saisad tana tsaye, da rubutu a jikin dutse mai cewa an gina ta ne don Mu'awiya a shekara ta 58. Tun can dai ruwa ne ke riƙe da inabin nan.

Ruwan ne kuma damuwar manoman yau. Wani dattijo da muka saba gaisawa da shi, wanda ba ya barinmu mu wuce sai ya tsinko mana nono ɗaya ko biyu, ya nuna mana rijiyarsa da aka ƙara wa zurfi, ya ce 'ya'yansa duk suna aikin ofis, ba mai sha'awar rumfa. Garin kansa ruwan teku yake sha, wanda ake tacewa a Shu'aiba a turo shi sama ta bututu. Gonaki da yawa an sayar, an zagaye su da bulo an mai da su gidajen hutu na haya. Kana tafe tsakanin katangun dutse sai ka ci karo da ƙofar ƙarfe da fitilu masu launi.

Ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Jamus yana yawan ba mu labarin yadda suke yi a can. Ya ce akwai wata hanya, Vennbahn, mai tsawon kusan kilomita 125, daga Aachen ta ratsa Beljiyam ta shiga Luksambag, tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan aka shimfiɗa wa kekuna, ba hawa mai tsanani tunda jirgin ƙasa ba ya son tudu. A bakin kogin Mosel kuma hanyar keke ce ke bin gindin gonakin inabi, ko da yake nasu inabin na barasa ne, namu na ci da zabibi. Ya ce mini, "Kawu, me zai hana a yi irinta a Shafa?"

Yaya yana goyon bayansa. Ni kuwa raina biyu. Ina so, domin awa uku a mako ba su isa ba, kuma ba zan iya kawo yarana hanyar da ko mota ɗaya za ta iya ɓullowa daga kwana ba. Da za a haɗa waɗannan guntayen hanyoyi a hana mota shiga wasunsu, da manomi ma ya samu mai sayen inabinsa a ƙofar gona ba sai ya kai kasuwa dillali ya ci rabi ba. Amma gonakin nan gidajen mutane ne. Iyalansu suna aiki a ciki, mata da yara. Mu biyu ne, mukan yi sallama, ba ma ɗaga waya mu yi hoto, ba ma miƙa hannu ta kan katanga ko da nonon inabi ya leƙo hanya, shi ya sa ake sakar mana fuska. Na ga abin da taron masu hutu ke bari a gindin ar'ar ranar Asabar da safe, robobi da gawayi da ƙasusuwa. In za a yi hanyar, a fara zama da masu gonakin, su faɗi inda za ta bi da inda ba za ta bi ba. Ba mu daidaita da Yaya a kan wannan ba, kuma duk saukowa sai mun sake taso da ita.

Mai son ya gwada, ya zo da keke mai faɗin taya da giya mai sauƙin hawa, ya duba birkinsa da kyau don gangaren ya fi hawan haɗari, ya sa hular kwano. Ƙayar da ke zube a hanyoyin gona ba ta raga wa taya, don haka kayan faci da famfo dole ne, da ruwa fiye da yadda kake zato, tunda kantunan ƙauye ba sa buɗewa da sassafen Juma'a. Mukan yi sallar Juma'a a masallacin Abdullahi ɗan Abbas a cikin gari, in kuma niyya ta zo mu ɗaura harami a Wadi Muhrim mu sauko da Umra. Bayan Hilux ɗin Yaya yana ɗaukar keke huɗu, biyu namu ne, kuma ya ce duk wanda zai biyo mu shi zai sayi mai.