Daga Kusseri zuwa Makka da goyo

Da maigida ya fara maganar Umra, garuruwa biyar ya lissafo: Alƙahira don mu ga ƙanena da yake karatu a Azhar, Iskandariyya tunda tana kusa, Madina, Makka, sannan a dawowa mu biya Dubai ya duba kayan shago. Ga manya biyu lissafin ba shi da laifi. To amma mu uku ne, ta ukun kuwa ba ta cika shekara biyu ba, ko yaye ta ban yi ba.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ki yaye ta ki bar min ita mana, ki je ki yi ibadarki a tsanake." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. In na haɗa mata yaye da rashina a lokaci ɗaya, jikina ne kawai zai je Makka, hankalina yana nan." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya kai ku lafiya, ta shiga surfa geron da za ta yi mana garin kunu.

Abin da na tsaya a kai tun farko shi ne a rage garuruwa. Wanda bai taɓa tafiya da ƙaramin yaro ba yana ƙirga awannin jirgi ne kawai. Ni kuwa na san duk canjin gari yini guda yake ci: a haɗa kaya, a tashi yarinya daga barci, a zauna jira, a isa sabon ɗaki ta ƙi gadon, ta ƙi abincin, sai washegari take dawowa daidai. Muka soke Iskandariyya, duk da tsakaninta da Alƙahira bai wuce kilomita 220 ba. Dubai kuma muka bari maigida ya je shi kaɗai wani lokaci. Cire ta bai yi masa daɗi ba, na kuma fahimce shi, don tikitin da zai sake saya kuɗi ne. Amma zagayen kasuwa da yarinyar da ta riga ta gaji da tafiya ba ciniki zai haifar ba.

Takardu su suka fi ɗaukar lokaci. Yaro ko jiya aka haife shi sai da nasa fasfo, kuma fasfon Kamaru tun 2021 sefa 110,000 ne, ana fara cikewa ta intanet, sannan a kai yaron da kansa a ɗauki hotonsa, da takardar haihuwa da izinin iyaye. Saudiyya na so ya zama saura aƙalla wata shida kafin fasfo ya ƙare, saboda haka ku duba naku ku ma. Masar kuma bizarta daban, a nema tun kafin a sayi komai. Sai rigakafi: ta shawara, wadda ake yi wa yaro daga wata tara, katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Ta sanƙarau ita ma ana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, ga ta shan inna da ake tambayar mutanen ƙasashenmu. Na kai ta asibiti da wuri don zazzaɓin allura ya zo ya wuce muna gida.

Akwai abin da mai ajans, wato ofishin shirya tafiye-tafiye, ya nuna mana wanda nake so kowace uwa ta sani. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, kuɗinsa kusan kashi 10 cikin 100 na tikitin babba. Ranar da ya cika biyu sai an saya masa kujera, ko da a tsakiyar tafiya ranar ta same shi. Mun sa ranar dawowa kafin ta cika. Sai dai gaskiya, riƙe yarinya mai tafiya da ƙafarta a cinya wajen awa huɗu daga Njamena zuwa Alƙahira aiki ne, duk wadda take da hali ta sayi kujerar. Tikitin kuma muka yanke shi a haɗe, mu sauka Madina mu tashi daga Jidda, don kada mu koma baya neman jirgi.

Mu 'yan Kusseri filin jirginmu na gaskiya shi ne na Njamena, ƙetaren kogin Logone. Gadar Ngeli tana da lokacin rufewa, cunkosonta kuwa kowa ya sani, don haka muka haye tun ana gobe muka kwana gidan goggona. Yarinyar ta yi wanka, ta ci tuwo, ta yi barcinta. Wajen tashin jirgi da saukarsa na ba ta nono, haɗiya na buɗe kunne, ba ta yi kukan da na ji wasu yaran suna yi ba.

A Alƙahira muka sauka kusa da ɗakin ƙanena a Madinat Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka suka yi yawa. Na sa mana doka: fita ɗaya a yini, da safe, a dawo kafin barcin rana. Muka je Masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a 972, muka leƙa kasuwar Khan Khalili da ke daura da shi. Ƙanena ya so ya zaga da mu ko'ina, yana cewa, "Yaya, kin zo har nan ba za ki ga kaza ba?" Na ce ai kai na zo gani. Larabcin Shuwa da muke yi a kasuwar Kusseri ya ɗan taimaka, ko da yake Misirawa sai sun sa kunne sosai. Tsallaka titi a garin nan ya fi komai ba ni tsoro, ban taɓa barin ta ta taka da ƙafarta a bakin hanya ba.

Fara zuwa Madina kafin Makka shi ne shawarar da na fi jin daɗinta. Wanda ya nufi Makka kai tsaye, a cikin jirgi zai ɗauki harami, ya sauka Jidda a gajiye, ya wuce ɗawafi da yaro mai jin barci. Wanda ya fara da Madina kuwa yana da sararin hutawa. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, a nan barcinta ya daidaita da lokutan salla. Lokacin sanyi muka je, da asuba sai na sa mata rigar sanyi da hula. Farfajiyar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fili ne mai faɗi da manyan lemomi da ake buɗewa da rana, ta yi ta gudu tana bin tattabaru, ni ina biye da ita. Tunda wurin mata daban na maza daban, muka tsayar da ƙofa ɗaya mai lamba inda za mu riƙa haɗuwa bayan kowace salla. Na kuma rubuta sunan masaukinmu da lambar wayarmu a ƙyalle na ɗinke a jikin rigunanta. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, lokacin mata daban, saboda haka ranar tawa babanta ya riƙe ta.

Wata mata ta taɓa harararmu da yarinyar ta yi kuka ana salla, abin ya tsaya min a rai. Amma ai an ruwaito cewa Manzon Allah yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Da wannan na daina jin kamar na zo da abin da bai kamata ba.

Abinci bai ba ni wahala ba, albarkacin Hajiya. Garin kunun gero da gyaɗa, ƙaramar butar lantarki da filas, shi ke nan. Duk garin da muka sauka, abin da ta fara sa wa a baki kunun da ta sani ne, daga baya ta karɓi shinkafa da kaza da ayaba. A jakar hannu kullum akwai maganin zazzaɓi na yara, ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, pampas da kaya canji biyu. Likita ya ja min kunne cewa in ta yi zazzaɓi a can, in faɗa musu daga ƙasar sauro muka fito, don su gwada maleriya.

Muka ɗauki harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, sannan muka shiga jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018. Kilomita 450 ne, awa biyu da 'yan kai, akwai banɗaki, akwai wurin da yaro zai ɗan taka. A mota tafiyar ta ninka haka. A jirgin ƙasan ba sa yarda da kaya barkatai, wannan ma ya sa tun daga gida muka taƙaita jakunkuna.

A Makka keken yara da maigida ya so mu saya bai zama dole ba, zanin goyo ya yi komai. Na goya ta na ɗaure da majanyi, na saki hijabi ta gefe don ta sha iska, muka hau bene muka yi ɗawafi bayan tsakar dare. Zagayen sama ya fi tsawo amma babu turereniya. Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, a zagaye na uku na ji kanta ya yi nauyi a bayana, ta yi barci. Na tuna Nana Hajara da ta yi wannan kai-komo tana nema wa ɗanta ruwa, na yi kuka sosai, ban kuma ɓoye ba. Sauran kwanakin muka riƙa karɓa-karɓa: in ya tafi Harami ni ina ɗaki da ita, in ya dawo ni in tafi. Wasu sallolin a ɗaki na yi su, zuciyata kuma a natse.

Ranar dawowa muka bar Makka da sauran lokaci mai yawa, saboda a filin jirgin Jidda ga jakunkuna, ga kwalayen zamzam masu lita biyar-biyar, ga yarinya. Da muka sauka Njamena ba mu haye gida a ranar ba. Na san da mun shiga Kusseri 'yan sannu da zuwa za su cika gida, kowa zai so ya ɗauke ta, don haka na roƙi goggo ta sake ba mu ɗaki, na ce wa Hajiya ta faɗa wa mutane sai jibi.