Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Awakin da Na Saya Don Saurar Mahaifina

A makon jiya na tsaya a inda na kwaso iyalina daga Yamai muka dawo Tawa, bayan na ajiye alli na bar aikin koyarwa, kuma na faɗa cewa a rabon gado gonar mahaifinmu da ke hanyar Kalfu ce ta faɗo a kasona. Gonar ba ta cika hekta biyu ba, kuma tun da tsufa ya hana marigayin riƙe hauya ba wanda ya sake zuba mata iri, har shekara tara. Ranar da na fara zuwa ganinta, cikin watan Nuwamba, sai da na nemi yaron maƙwabci ya nuna mini iyaka, domin duwatsun da aka jera a gefe duk sun nutse cikin ƙaya. Magarya ta yi tsiri-tsiri ko'ina, ɗunɗu ya bi ta saiwa ya cinye kusurwar gabas, sarƙaƙiya kuma ta rufe bakin ɗan kwazazzabon da ruwa ke bi, ta yadda ko jaki ba zai ratsa ba. A tsakanin waɗannan akwai sabara da geza da 'yan tumfafiya, ƙarangiya kuwa ta cika mini ƙafar wando har gwiwa.

Tunanin da ya fara zo mini shi ne wuta, amma ban kai ga kyasta ashana ba na janye, saboda karan maƙwabta yana tsaye a gonakinsu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da wanda ya saki wutar daji. Sai na ɗauki samari uku da adda da gatari suka yi mini sassaben kusurwa ɗaya, na biya su, na koma gida ina jin na gama da ita. Kafin damina ta raba tsakiya kowane kututture ya fito da tofo biyar ko shida a wurin reshe ɗaya da aka sare. Kuɗin fansho na malamin makaranta ba zai ɗauki irin wannan biya a kowace shekara ba, shi ya sa na fara tunanin dabbobin da za su yi mini aikin suna kuma cika cikinsu.

Zuciyata tumaki ta so, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Na shekara talatin a Yamai ina ganin yadda kuɗin rago ke tashi idan babbar salla ta gabato, kuma ina sha'awar balami, farin ragon nan mai dogayen kunnuwa, da kuma uda mai launi biyu, gaba duhu baya fari, kamar an raba shi da igiya. A lissafina na kan takarda, tumaki shida za su share gonar, su haihu, in sayar da raguna biyu a kowace layya. Da wannan lissafin na je wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda tun yarintarsa bai rabu da kiwo ba, kuma ya ga yadda farin 1984 ya share garken shanunsa ya bar masa awaki kawai.

Bai ce mini komai a zaure ba, sai ya ce in kai shi gonar. Da muka isa ya zagaya ta da sandarsa a kafaɗa, yana taɓa wannan kurmi yana murza ganyen wancan, sannan ya tsaya ya ce, "Ɗana, abin da ya dame ka a nan, a ƙasa yake ko a sama?" Na ce, "Kawu, a sama yake, ga shi har ya wuce ƙuguna." Ya ce, "To ita tunkiya bakinta a ƙasa yake. Za ta cinye maka ciyawar da ke rufe ƙasar, ta bar ka da ƙayarka, iska kuma ta kwashe rairayin da ya rage." Na daɗe ina koyar da yara cewa akuya da tunkiya dangin juna ne, amma sai a ranar na lura da bambancin cimarsu da idona, domin awakin wasu Buzaye suna kiwo a gefen burtali, kuma na ga wata ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta dafa reshen magarya da na gaba, tana tsince ganye ɗaya bayan ɗaya daga tsakanin ƙayoyi da leɓɓanta, ba tare da ko ɗaya ta soke ta ba.

A hanyar dawowa kawu ya yi mini bayanin abin da ya sa sassabena bai ci ba. Itacen daji yana ajiye ƙarfinsa a saiwa, don haka sara ɗaya ba ya kashe shi, tayar da shi ma yake yi. Abin da ke gajiyar da shi shi ne a riƙa tsinke tofon duk lokacin da ya fito, yau da gobe, har ajiyar da ke cikin saiwar ta ƙare, kuma babu ɗan ƙwadagon da zai yi wannan naci kamar akuya. Ya kuma gargaɗe ni kada in sa rai da yawa: magarya da ɗunɗu da sarƙaƙiya abincinta ne, amma sabara da geza ba ta cin su sosai sai rani ya tsananta, tumfafiya kuwa sai dai ta tsinci busasshen ganyen da ya faɗi. Game da sabarar ma cewa ya yi in bar ta, in rage mata rassa in bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi, irin abin da ake kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980, domin gindinta yana tare rairayi da ganye, kuma hatsin da aka shuka kusa da ita ya fi kyau. Wannan shawarar ta rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake kira matsala.

Saura tambayar wace irin akuya. A kasuwanninmu na Adar iri biyu ne suka fi yawa, sai kuma ruwa-biyun da ke tsakaninsu. Akwai doguwar akuyar arewa da Buzaye da Fulani ke kiwo, mai dogayen ƙafafu, mai jure ƙishirwa da tafiya, wadda bakinta ke kai wa reshen da ya fi tsayi. Aibinta a wurina shi ne ta saba da faɗin daji, kuma hekta biyu a wurinta kamar ɗaki ne. Shingen da bai kai ƙirjin mutum ba tsallake shi take yi. Akwai kuma jar akuyar Maraɗi, 'yar'uwar jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a ƙasashen Turai tun zamanin fataken Sahara. Ita gajeriya ce, ta saba da turke da zaman gida, tana yawan haihuwar tagwaye, kuma da yake cikin akuya wata biyar ne, wadda ke ƙoshi tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Sai dai ƙasar Maraɗi ta fi tamu ruwa, mu da a shekara mai kyau ruwanmu bai cika wuce milimita 400 ba, don haka jar akuya tana bukatar a taimaka mata da dusa da harawa a ƙarshen rani. Maiɗakina, wadda ita ce za ta ji da su idan sun kwana a gida, ta yanke gardamar da magana ɗaya: ba za ta riƙa bin akuya unguwa-unguwa tana ba mutane haƙuri ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, muka shiga wurin bisashe ni da kawu tun hantsi bai yi zafi ba. Dillalin da ya tare mu ya gane ni ba ɗan kasuwa ba ne tun daga takalmina, sai ya jawo mini wata ja mai sheƙi yana cewa, "Malam, wannan ko a Maraɗi sai an tona." Kawu ya durƙusa ya buɗe bakinta, ya nuna mini haƙoran ƙasa guda takwas, manya, har sun fara cinyewa, ya ce wannan ta ba shekara huɗu baya, ta ba wani zuriyarta sannan aka kawo mana ragowa. Abin da muke nema shi ne mai manyan haƙora biyu ko huɗu, wato tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da 'yan watanni. Kowace aka kawo sai ya duba hancinta ko akwai majina, ya ɗaga wutsiya ya ga ko zawo ya ɓata wurin, ya ja fatar ido ya ga ko cikinta ja ne ko ya yi fari, sannan ya shafa hantsa ya tabbatar nonon biyu duk lafiya. Majina da zawo su ya fi tsoro, saboda su ne alamun annobar awaki da tumaki wadda ma'aikatan kiwo ke zagayawa yi wa rigakafi kowace shekara, kuma guda ɗaya mai ɗauke da ita ta isa ta kwantar da garke.

Kafin azahar mun sayi biyar: jajaye uku da ruwa-biyu guda biyu masu ɗan tsayi, waɗanda kawu ya ce su za su riƙa karyo rassan sama jajayen su samu. Na so in kai su goma don aikin ya yi sauri, ya hana ni, ya ce in tuna watan Afrilu da Mayu, lokacin da gonar ba za ta ba su komai ba sai abin da na saya da kuɗina, kuma bido ɗaya na lita 25 shi ne abin da biyar za su sha a ranar zafi, ruwan kuma a kan amalanke za a kai shi. Bunsuru ma ya ce kada in saya, nasa yana nan idan lokaci ya yi.

Tsarin da muka bi talala ce. Kowace akuya da igiyarta mai tsawon taku bakwai da turkenta, ana kafa shi a gindin kurmin da ake so a ci, bayan kwana biyu ko uku a tumɓuke a matsa gaba. Rassan da suka fi ƙarfinsu mu muke sarewa mu kwantar, su tsince ganyen, sannan mu ja ƙayar mu tsayar da ita shinge a iyakar gonar, ta yadda abin da ya rufe gonar shi ya koma yana tsaronta. Da la'asar jikana yake koro su gida saboda dila da karnukan da ba su da masu su, a ba su ɗan kanwa a ruwa. Cikin wata biyu kusurwar gabas ta buɗe har na ga dutsen iyaka na farko, kuma ƙasan kowane turke ta yi baƙi da kashinsu, takin da da saya zan yi.

Abin da ban yi tanadinsa ba shi ne 'yan gawo guda huɗu da suka tsiro da kansu a tsakiyar gonar, waɗanda ba su wuce kaurin hannuna ba. Kawu ya nuna mini su tun zuwanmu na farko, ya ce in kewaye su da ƙaya, domin gawo shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani ya ba dabba 'ya'ya, ga shi doka ta hana sare shi. Na ce zan yi, na yi ta ɗagawa daga yau zuwa gobe. Wata safiya cikin watan Fabrairu na iso na tarar ɗaya daga cikin ruwa-biyun ta tumɓuke turkenta tana jan sa a baya, ta kuma ɓare ɓawon biyu daga cikin gawon ta zagaye su kaf, tun daga gindi har inda bakinta ya kai, itacen ya fito fari fat. Na aika jikana ya kira kawu, ya zo ya sa ɗan yatsa ya bi zagayen, ya ce waɗannan biyun sai dai in jira tofo daga gindi, idan Allah ya so. Ranar ba mu koma gida ba sai bayan magariba, ni da shi da yaron, muna jan rassan magarya muna kewaye biyun da suka rage. A mako mai zuwa zan kawo yadda ita wannan akuyar ta kai ni gaban maigari a kan waken maƙwabcina.