Hazon Kwalkwalawa da tekun Turner

Ni dai tunda nike ban taɓa ganin teku da idona ba, iyakata gulbin Rima sai dam ɗin Goronyo da munka je sau biyu, amma wallahi kwanakin nan babu abin da ya tsaya min a rai irin aikin wani Bature da ya ƙare rayuwarshi wurin zanen teku. Sunanshi J.M.W. Turner, mutumin Landan ne, an haife shi 1775, babanshi mai aski ne, kuma tun yana ɗan shekara 14 anka ɗauke shi makarantar zane ta Royal Academy.

Sana'ata rubutun allon shago ce da fenti, don haka in na ga aikin hannu nakan tsaya in duba yadda mai shi ya ja buroshi. Zanen Turner na farko da na buɗe a waya shi ne na 1796, masunta cikin ɗan kwalekwale da dare, farin wata ya faɗo kan ruwa, ga 'yar fitilarsu tana ci, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin kamar za ta kife shi. Komai tsaf, kana iya nuna mutum da yatsa ka ce ga shi nan. Shekararshi 21 lokacin fa! Sai kuma wanda kowa ya san shi da shi, na 1839, tsohon jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Temeraire da ya yi yaƙin teku na Trafalgar a 1805, wani ɗan baƙin jirgi mai hayaƙi yana jan shi cikin kogin Thames za a kai shi inda za a farfasa shi, rana tana faɗuwa jajawur a gefe. Shi ne ma Ingila sunka sa a takardar fam 20 a 2020.

To daga nan ne labarin ya juya. A 1842 ya fito da wani zane na jirgi cikin guguwar ƙanƙara a bakin tashar jiragen ruwa, kuma in ba a faɗa maka ba sai ka jima kana neman jirgin. Ruwa da sama da hayaƙi duk sun cakuɗe suna juyawa kamar ana dama fura, fari da toka-toka da ruwan ƙasa, babu layin da ya raba sama da teku. Masu sharhi na lokacin sunka yi mishi ca, har anka kira aikin kumfar sabulu da farar ƙasa.

Na kai wa Kawu wayar can rumfarshi ta dukanci, yana cikin yankan jar fata, ya goge hannu ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce "Ɗana, wanga ai tsufa ne ya kama shi, hannu ya fara rawa." Na ce Kawu Allah shi ba ka haƙuri, ba rawar hannu ba ce. A ranar dai ban iya kare maganata ba, na san ina da gaskiya amma hujja ta ƙi zo min baki.

Sai cikin hunturun nan, wata safiya na bi ta gadar Kwalkwalawa a Sakkwato kan mashin wajen ƙarfe bakwai, hazo ya sauka sosai har ba ka ganin wanda ke gabanka. Na tsaya gefe na kashe mashin. Gulbin ya ɓace, gonakin fadama sun ɓace, rana ta koma kamar tsohon faranti wanda kana iya kallonta ido ba ya zafi, can ƙasa kuma ga wani ɗan duhu yana motsi a hankali, sai da na ji ƙarar sanda tana bugun ruwa sannan na gane mutum ne cikin kwalekwale. Tsigar jikina ta tashi. Abin da Turner ya zana kenan. Da za a ce in zana safiyar nan in fitar da fuskar masuncin da ƙullin komarshi ɗaya bayan ɗaya, ƙarya zan yi, don idona bai ga haka ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kallon ruwa ya kai inda ya bar zana abin da ya san yana wurin, ya koma zana abin da ido ke gani in iska ta taso.

Ya rasu 1851, ya bar wa ƙasarshi ayyukanshi, da yawa suna gidan aje zane-zane na Tate a Landan yanzu. Cikinsu akwai waɗanda bai ƙarasa ba, haske ne kawai da launi, kuma su ne daga baya masu zane marar siffa sunka riƙa ɗauka kamar kakansu ne ya yi. Ni a nan ina ɗan ja baya, don Turner bai taɓa sakin teku ba, ko cikin mafi cakuɗewar aikinshi akwai ruwa akwai iska, kana jin sanyinsu.

Jiya na koma rumfar Kawu na ba shi labarin gadar. Yana cikin yi wa wani matashin fata ado, layuka da kusurwoyi baƙi da kore, babu tsuntsu babu dabba, irin adon da muke gani a zayyanar allon sauka tun muna yara. Na ce Kawu, wanga da kake yi hoton mene ne? Ya ce ba hoton komai ba ne, kyau ne. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya aje wuƙar ya miƙo hannu ya ce in sake buɗo mishi mai guguwar nan ya gani.