Tarihin Rayuwata, Kashi na Goma Sha Huɗu: 'Ya'yan Shaho a Kan Dogon Yaro

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauko ni daga bakin titin Tudun Wada da karyayyar ƙafa, kwana uku bayan ƙaramar Sallar shekarar 1994, aka wuce da ni gidan Kawu a cikin birnin Zariya domin mai ɗori ya riƙa zuwa yana duba ni. Ɗakin da aka ba ni ba ya zaunuwa da rana saboda zafin bazara, don haka kullum da hantsi yara sukan shimfiɗa mini tabarma a gindin dogon yaron da ke tsakar gida, su cicciɓo ni su ajiye. Wanda aka ɗaure wa ƙafa da karare aka kwantar rigingine ba shi da wurin kallo sai sama.

Gwaggo ce ta fara lura da sheƙar, bayan ta share farin kashin tsuntsu da guntayen wutsiyar ƙadangare har sau uku a wuri ɗaya. Nan take ta sa aka kife 'yan tsakinta da kwando, tana cewa shirwa ta yi mana gida a ka. Kawu ya ɗaga kai ya duba, ya ce mata shirwa babba ce mai tsagaggiyar wutsiya, kuma a sararin sama take shawagi kan kwata da juji, wannan kuwa ƙaramin shaho ne wanda bai wuce girman tantabara ba, mai laɓewa cikin ganye ya kai farmaki. Daga baya na san cewa masana tsuntsaye suna kiransa shikra. Bayansa ruwan toka ne, ƙirjinsa da siraran ratsi jaja-jaja, namijin yana da jan ido, macen kuma ta fi shi girma, abin da Gwaggo ta daɗe tana yi wa Kawu ba'a da shi.

'Ya'yan uku ne, kuma ba rana ɗaya suka bar sheƙar ba. Sun kwashe kwanaki suna takawa kan rassan kusa, suna kaɗa fiffike alhali faratansu na damƙe da reshe, da yamma su koma. Launinsu ƙasa-ƙasa ne, ƙirjinsu da ɗige-ɗige kamar an yayyafa musu tawada, har wanda bai sani ba zai rantse wani tsuntsu ne daban. Tashi bai ba su wahala kamar sauka ba. Babbarsu, ranar da ta fara ƙetare tsakar gida, ta nufi katanga ta wuce ta, ta faɗa kan igiyar shanya, ta rataya kai a ƙasa tana kuka, sai da zanen Gwaggo ya zame da ita har ƙasa.

Makonnin da suka biyo baya su ne suka fi tsaya mini a rai. Tun kiran assalatu suke fara kuka, siririn kuka mai maimaita kansa, su bi uban daga dogon yaro zuwa rimin maƙwabta duk sanda suka hango shi da wani abu a ƙafa. Da farko uwar takan yayyaga musu nama, daga baya aka koma ajiye musu ƙadangare sukutum a kan reshe, sannan tazarar da ke tsakanin kawowa da kawowa ta riƙa ƙaruwa. Idan yunwa ta ishe su sai su huce a kan busasshen ganye da totuwar masara: su diro, su damƙe, su baza fukafukai a kai suna waige-waige kamar wani zai ƙwace.

Akwai wani jan gwada da ya mallaki katangar gabas, kullum yana can yana gyaɗa kai. Na ƙirga sau goma sha ɗaya babbar tana kai masa hari, kuma kowane karo sai ya bari ta kusa, sannan ya sulale bayan katangar, ita kuwa ta daki laka da ƙirji. A ganina laifinta ɗaya ne, daga fili take tasowa yana kallonta, alhali ubanta daga cikin duhun ganye yake fitowa, ƙasa-ƙasa, ba a ganinsa sai ya riga ya ɗauka. Abin da ta fara kamawa da kanta shinge ne, daren da aka yi ruwan fari ya waye sun cika tsakar gida, tana bin su a ƙasa da gudu tare da kaji, babu ko kunya.

Autan bai kai ga haka ba. 'Yan'uwansa sukan riga shi ga duk abin da aka kawo, hankaki kuma sun matsa masa, ga yaran unguwa da danƙo, waɗanda sai da Kawu ya fita da kansa ya tsawata musu. Wata safiya aka tsince shi a gindin randa. Na ce a miƙo mini shi, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar bakin wuƙa, babu rauni a jikinsa ko ɗaya. Gwaggo, wadda ta yi wata guda tana tsine musu, ta tsaya a kaina ta ce, "Allah sarki, yunwa ce, ɗan nan," ta sa aka haƙa rami a bayan akurki aka rufe shi. Har suka bar gidan ba ta rasa ɗan tsako ko ɗaya ba, amma ba ta taɓa yarda a ɗaga kwandon ba.

Da mai ɗori ya kwance mini ƙafa na fara dogara sanda, biyun da suka rage sun riga sun rage zama a gidan, sai dai a ji kukansu daga wajen rimi. Ranar babbar Sallah, a watan Mayu, ina zaune a kan turmi ana fiɗar ragon Kawu, na ɗaga kai ina neman su, ban ga komai ba sai shirwa wajen goma suna kewaya gidan, ɗaya ma ta fizge tsokar da aka miƙa wa wani yaro. Da yammacin ranar ne Kawu ya kira ni zaure ya ce wasiƙa ta zo mini daga Kaduna, kuma daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.