Tukunyar Gida Ba Taka Ba Ce Kai Kaɗai

Ƙannena, musamman ku da kuka shiga tsarin cin abincin nan da ake kira keto, na barin tuwo da shinkafa da burodi da sukari a koma ga nama da ƙwai da ganye, ina da magana da ku. Ni ma na bi shi, na kuma ga amfaninsa a jikina. Tumbi ya sauka, kasalar bayan azahar ta tafi. Daga nan sai na ɗauka wajibi ne duk mutanen gidanmu su biyo ni.

Da Inna na fara. Duk daren da ta aiko min tuwon masara da miyar kuka, sai in mayar da kwanon in ce, "Inna, wannan ai sukari ne zalla." Ni a ganina bayani nake yi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne ɗan da ta raina da wannan tuwon ya girma yana cewa cuta take ciyar da iyali. Ba ta tanka ba. Ta daina aiko min abinci, gaisuwar safe ma ta koma gajeriya. A gidan Bahaushe, mayar da kwano ba a taɓa ba tamkar mayar da mai girkin ne. Ku ci ko loma biyu ce, ku sha miyar, ku ce an gode.

Babban laifin a kan Baba na yi shi. Yana da ciwon sukari, yana shan glibenclamide, maganin da ke sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. A lokacin ban san haka ba. Na yi ta lallashinsa har ya bar tuwon dare da kunun safe, amma ya ci gaba da shan maganinsa yadda ya saba. Wata rana da hantsi sai ga shi yana karkarwa, gumi na tsattsafo masa, maganarsa tana harɗewa. Sukarin jininsa ne ya faɗi. Aka ba shi ruwan sukari, muka garzaya asibiti. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Daga baya na karanta cewa tun asali keto magani ne: a 1921 wani likita a Amurka, Russell Wilder, ya tsara shi domin masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawar likita ake binsa. Don Allah kada ku taɓa abincin mai ciwon sukari ko mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ko yaro mai tasowa sai da sanin likitansa.

Ga kuma kuɗin cefane. Kai kaɗai kana iya sayen ƙwai da tsire kullum, amma gida mai baki da yawa da mudun masara yake rufa asirinsa.

Abin da ya yi aiki a gidanmu ƙarami ne, kuma da hannu aka yi shi, ba da baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Ban yi wa Inna wannan lissafin ba. Na riƙa kawo mata daddawa mai kyau da busasshen kifi da citta da tafarnuwa, miya ta yi ɗanɗano, ita da kanta ta rage magi. Na sayo acca, na roƙe ta ta koya min kwaɗon zogale. Ranar da na tsuguna gefen murhu ina tambayarta ne ta fara sakin fuska.

Ƙannena na gida kuwa lemon gwangwani ne matsalarsu. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da sukari giram 35, alhali iyakar da hukumar ta shata wa babba a yini kimanin giram 50 ce. Na koma haɗa musu zoɓo da citta da kanumfari, sukari kaɗan, in sa a firji kafin su dawo daga makaranta.

Baba ya koma cin tuwonsa na dare, malmala ɗaya da miya mai ganye sosai, kamar yadda likita ya tsara masa, ni kuma nake auna masa sukari da safe.